Ta ina intanet yake zuwa mana, ta sama ko ta ƙarƙashin teku?

Tambaya daga wani mai shagon POS a Kano: "Injiniya, gardama ce ta kaure a majalisarmu. A azumin 2024 akwai ranar da sabis ya ɗauke, tiransifa ta ƙi tafiya, aka ce wai waya ce ta tsinke a cikin teku. Ni na ce zancen kamfanoni ne kawai, tunda kowa ya san tauraron ɗan Adam ke kawo intanet, kuma wayata ba a haɗe take da wata igiya ba. Don Allah a raba mana gardama."

Malam, sai dai ka yi haƙuri, wannan karon abokan majalisarka ne da gaskiya. Ranar Alhamis 14 ga Maris 2024, kwana huɗu da kama azumi, manyan wayoyin ƙarƙashin teku guda huɗu suka lalace daura da gaɓar Kwaddibuwa: WACS da MainOne da SAT-3 da ACE. Ƙasashe fiye da goma suka ji a jikinsu, har da Najeriya da Nijar da Gana da Kamaru, ita kanta Kwaddibuwa da Laberiya kuwa kusan ɗif suka yi. Sama da kashi 95 cikin 100 na bayanan da ke ƙetarawa daga nahiya zuwa nahiya ta irin waɗannan wayoyi suke bi, suna kwance a kan laka a ƙasan ruwa. Yawansu ya haura 500, tsawonsu in an haɗa ya wuce kilomita miliyan 1.

Na san abin da ya ruɗe ka, kuma ba laifinka ba ne, tunda ba ka ga igiya a jikin wayarka ba. To amma tafiyar da saƙonka yake yi a iska gajeriya ce ƙwarai. Daga hannunka zuwa ƙarfen sabis ɗin unguwarku ne, a cikin gari da ƙyar ya wuce kilomita ɗaya ko biyu. Daga nan, ko ya ɗan yi tsalle zuwa wani ƙarfen ko bai yi ba, ƙarshenta ƙasa zai shige. Ka sha ganin leburori suna haƙa siririn rami a gefen titi, suna zura wasu bututun roba masu launi, suna binnewa. To ita ce hanyar. Saƙon muryar da ka tura wa ɗan'uwanka a Jidda ta irin wannan bututu zai gangara kudu har Legas, ya shiga wani gini a bakin ruwa, ya faɗa teku, sau da yawa ma sai ya zaga ta Turai kafin ya isa inda aka aike shi. Kafin ka ɗauke yatsa daga kan waya an gama wannan tafiya.

Me ya hana a bi ta sama? Nisa da ƙarancin wuri. Irin tauraron da ake saita tasar talabijin a kansa yana tsaye ne a kilomita 35,786 daga doron ƙasa. Tambayarka ta hau ta sauko, amsa ta hau ta sauko, an ci wajen kilomita 143,000 ke nan. Ko haske, da babu abin da ya fi shi gudu, kilomita 300,000 yake yi a sakan ɗaya, don haka kusan rabin sakan ya tafi a hanya kawai. Shi ya sa wani lokaci za ka ga an yi wa wakilin gidan talabijin tambaya daga nesa, ya tsaya yana gyaɗa kai kamar bai ji ba. Ita kuwa wayar MainOne daga Legas zuwa Fotugal kilomita 7,000 ce. A cikin gilashi gudun haske yana raguwa zuwa wajen kilomita 200,000 a sakan, amma duk da haka zuwa da dawowa bai kai kashi 1 cikin 10 na sakan ba.

Na ce gilashi, kuma da gaske nake. In aka yanka wayar da ke can tsakiyar teku aka miƙo maka, za ka raina ta, don ba ta kai kaurin rake ba. Yawancin jikinta ma sutura ce: roba a waje, sai bututun jan ƙarfe, sai zagayen wayoyin baƙin ƙarfe don ƙarfi. Can a tsakiya ne za ka tarar da 'yan zaruruwan gilashi, kowane ɗaya kaurinsa kashi 1 cikin 8 na milimita, wato ɗan uwan gashin kai. Hanyar da hasken yake bi a cikin zaren ta fi haka siranta nesa ba kusa ba, wajen kashi 1 cikin 100 na milimita. An yi gilashin hawa biyu, na ciki da na waje, ta yadda haske in ya shiga ba ya iya ficewa ta gefe, ko da an lanƙwasa zaren sai ya bi shi. A bakin waya akwai fitilar leza da ke sassauya haskenta sau biliyoyi a sakan ɗaya, a ɗaya bakin kuma na'ura tana karantawa. Hotonka da muryarka da kuɗin da ka tura duk wannan ƙyaftawar ce. Kuma a zare ɗaya akan tura launukan haske gommai a tare, kowane launi da nasa kayan, ba sa cakuɗewa. Hasken ba irin wanda ido ke gani ba ne, shi ya sa abu na farko da muke gaya wa sabon yaro a wurin aiki shi ne kada ya kuskura ya leƙa bakin zare don ya ga ko da wuta. Ba zai ga komai ba, idon kuma zai iya tafiya.

Abin da har yau yake ba ni mamaki shi ne tsabtar gilashin. Ɗauki gilashin taga ka duba shi ta gefen kaifinsa, za ka ga ya yi kore ya yi duhu, saboda dattin ƙarfe da ke cikinsa yana shanye haske. Da irinsa za a yi zare, 'yan mitoci kaɗan hasken zai mutu. A 1966 wani injiniya haifaffen Shanghai mai suna Charles Kao, yana aiki a Ingila, ya nuna cewa laifin na dattin ne, in aka tace gilashi sosai zai kai haske nisan kilomitoci. A 1970 kamfanin Corning na Amurka ya fitar da zaren farko da ya cika sharaɗin. Na yanzu kuwa haske yakan yi kilomita 15 zuwa 20 a cikinsa rabinsa yana nan. Sai a 2009 aka ba Kao kyautar Nobel, shekara 43 bayan aikin.

Ko da wannan tsabta, bayan kilomita 100 abin da ya rage na hasken bai wuce kashi 1 ko 2 cikin 100 ba. Don haka duk bayan kilomita 60 zuwa 100 akan saka wata na'ura a jikin wayar, cikin tulun ƙarfe mai jure nauyin ruwa, ta ƙara wa hasken ƙarfi ya ci gaba. A cikinta akwai 'yan mitocin zare da aka cuɗa da wani ma'adini wai shi erbiyom, wanda in an haska shi da wata ƙaramar leza sai ya zuba ƙarfinsa a kan hasken da ke wucewa. To wa zai ba wannan na'ura wuta a zurfin kilomita huɗu, inda ba NEPA ba janareta? Amfanin bututun jan ƙarfen nan ke nan. Daga tashar bakin teku ake tura lantarki mai ƙarfin dubban bolt, a dogayen wayoyi har ya haura 10,000, ya bi ta na'urorin ɗaya bayan ɗaya. Ka san lantarki sai da hanyar komawa. Ba a saka masa waya ta biyu ba, ruwan tekun da ƙasa su ne hanyar komawarsa. Ana ƙera na'urorin ne da niyyar su yi shekara 25 a can ba wanda ya taɓa su.

Dabarar shimfiɗa waya a teku ta girmi intanet da fiye da shekara ɗari, ta girmi mota da jirgin sama. A watan Agustan 1858 aka haɗa Ayalan da Niyufanlan ta Kanada da wayar tangaraho ta jan ƙarfe, an lulluɓe ta da ƙaron wata bishiya ta yankin Maleshiya don kada ruwa ya taɓa ta. Sarauniya Biktoriya ta aika wa shugaban Amurka James Buchanan gaisuwa mai kalma 98, aka kwashe wajen awa 16 ana tura ta. Duk da haka aka yi ta shagali, domin kafin nan sai wasiƙa ta yi kwana goma ko fiye a jirgin ruwa. Murnar ba ta je ko'ina ba. Mai kula da lantarkin wayar, Wildman Whitehouse, wanda asalinsa likitan fiɗa ne, ya ga saƙo yana jan ƙafa, sai ya ɗauka ƙarin wuta ne magani. Ya banka mata wajen bolt 2,000, rufin da dama ba shi da ƙwari ya ƙarasa lalacewa, cikin mako uku waya ta yi shiru. Har yanzu in na ga mai gyara yana ƙara wa abu wuta don ya ƙi aiki, wannan likita nake tunawa. A 1865 aka sake gwadawa da Great Eastern, jirgin da ya fi kowane girma a duniya a lokacin, waya ta tsinke a tsakiyar teku ta nutse. A 1866 suka koma suka shimfiɗa sabuwa, sannan suka jefa ƙugiya a ruwan da zurfinsa ya haura kilomita uku, suka lalubo ta bara, suka ɗaura suka ƙarasa ta. Shekara 20 bayan haka, a 1886, wayar tangaraho ta haɗa Legas da Landan.

Ta gilashi ta farko da ta ƙetare Atilantika ita ce TAT-8 a 1988, tana ɗaukar abin da bai wuce megabayit 35 a sakan ba. Mu kuma SAT-3 ce ta fara iso mana wajen 2002, ta yi shekaru ita kaɗai, wanda ya yi zamanin kafe yana jiran shafi ɗaya ya buɗe ya san abin da nake nufi. A 2010 MainOne, wadda Funke Opeke ta jagoranta, da Glo-1 suka shigo, a 2012 WACS da ACE. A 2022 Equiano ta Google ta sauka Legas, an ƙera ta don ɗaukar wajen gigabayit 18,000 a kowane sakan. Ka auna da gigabayit ɗayan da kake saye kana lallaɓawa. Sai 2Africa, wadda Meta da wasu kamfanoni suka haɗu a kanta, mai tsawon kilomita 45,000, ta fi zagayen duniya tsawo.

Yanzu mu dawo ranar da kake magana. Yaya wayoyi huɗu na kamfanoni daban-daban za su lalace tare? Mu da ke kan tudu muna ɗauka ƙasan teku shimfiɗaɗɗen fili ne, alhali akwai duwatsu da kwazazzabai da suka fi na tudu zurfi. Daidai bakin Abijan ta Kwaddibuwa akwai wani kwazazzabo da Faransawa suka raɗa wa suna Trou sans Fond, ma'ana rami marar ƙarshe. Wayoyin da ke bin gaɓar Afirka ta Yamma da waɗanda ke shiga Abijan a wannan yanki suke taruwa. Kamfanin MainOne ya ce tasa ta lalace ne a zurfin wajen kilomita 3, inda anga, wato ƙarfen da ake jefawa don tsayar da jirgin ruwa, ko komar masunta ba sa kaiwa, binciken farko kuma ya nuna motsin ƙasan teku ne. Abin da masana suka fi rinjaya a kai shi ne zaftarewar laka.

Wannan zaftarewa ta cancanci a tsaya a kanta. Koguna suna kwaso yashi da laka suna jibgewa a bakin teku shekara da shekaru. Ranar da tulin ya goce, sai ya gauraya da ruwa ya zama wani kogi mai nauyi da ke gudu a ƙarƙashin ruwan teku, yana bin kwazazzabo yana tafiya da duk abin da ya tarar. Wayoyin tangaraho ne ma suka tona asirinsa. A ranar 18 ga Nuwamba 1929 aka yi girgizar ƙasa a teku kusa da Niyufanlan, wayoyi 12 suka tsinke. Na kusa sun tafi nan take, amma sauran bi da bi suka riƙa yankewa, na nesa bayan awa 13. Tunda kamfanoni sun rubuta lokacin da kowace ta ɗauke, a 1952 masana biyu, Bruce Heezen da Maurice Ewing, suka yi lissafi suka gane cewa wani abu ne ya gangara yana tsinka su, da gudun da ya haura kilomita 60 a awa. A kusa da mu kuma, a Janairun 2020, bayan wata babbar ambaliya a kogin Kwango, irin wannan laka ta yi tafiyar fiye da kilomita 1,100 a ƙasan Atilantika, ta tsinka SAT-3 da WACS. A Agustan 2023 aka sake yi a kwazazzabon na Kwango. Ka ga ruwan sama da ya sauka a dajin Kwango yana iya hana mutum tiransifa a Kantin Kwari.

Amma irin wannan ba shi ne ya fi yawa ba. A duniya akan samu lalacewar waya 150 zuwa 200 a shekara, kuma wajen kashi biyu cikin uku aikin jiragen kamun kifi ne da anga. Shi ya sa a kusa da gaɓa ake yi wa wayar sulken ƙarfe har ta kai kaurin taɓarya, a kuma binne ta da wata irin garma da jirgi ke ja. In an shiga ruwa mai zurfi sai a sake ta kawai ta kwanta. Labarin da ake yawan yaɗawa cewa kifin shak yana cizon wayoyin yana da tushe, don a shekarun 1980 an taɓa samun haƙoransa a jikin wata waya kusa da tsibiran Kanari, amma a lissafin ɓarna ba a ma saka shi a sahu.

Gyaran kuwa, da tsohuwar zuma ake magani. Daga tudu ake fara gano wurin: a harba haske cikin zaren a auna lokacin da zai dawo daga inda ya karye, ko a auna yadda lantarkin ya sauya. Sai a kira jirgin gyara, kuma irinsu ba su da yawa a duniya. Wanda ya fi yi wa wannan gefen namu hidima, Léon Thévenin, an ƙera shi tun 1983, a Kef Tawun ta Afirka ta Kudu yake zama, sai ya yi lodin waya, ya nemi izinin shiga ruwan ƙasar, ya yi tafiyar fiye da mako. In ya iso, a ruwa mai zurfi ƙugiya ake ja a ƙasan teku har ta kamo wayar, kamar dai yadda aka yi a 1866, kamar kuma mai lalubo guga a rijiya. A ɗago baki ɗaya a ɗaure shi a jikin wani abu mai yawo a kan ruwa, a lalubo ɗayan, a yanke inda ya lalace, a saka sabon gutsure a tsakani. Sannan ma'aikaci ya zauna a cikin jirgin da igiyar ruwa ke jijjigawa, ya riƙa saita zare da zare yana narka bakinsu da tartsatsin lantarki su haɗe, in ya kauce da abin da ido ba ya gani a sake. Wayoyin nan huɗu sai a watan Afrilu aka fara dawo da su, ta ƙarshe sai cikin Mayu.

Za ka ce ai sabis bai yi wata biyu a ɗauke ba. Haka ne, domin Equiano da Glo-1 ba su lalace ba, sai kamfanoni suka yi ta rububin sayen wuri a kansu suna karkatar da kaya, cikin 'yan kwanaki abubuwa suka fara daidaita. Akwai kuma tambayar da na san za ta biyo baya a majalisa: kuɗi daga Kano zuwa Kano, me ya haɗa su da tekun Abijan? Abin da ya haɗa su shi ne wasu manhajojin da bankuna da kamfanonin biyan kuɗi suke dogara da su a manyan kwamfutocin ƙasashen waje suke zaune. Kai da abokin cinikinka kuna fuskantar juna, amma amincewar sai ta je Turai ta dawo. Nijar kuwa da ba ta da gaɓar teku, ta tudu take karɓa daga maƙwabta irin su Binin da Najeriya, don haka abin da ya sami na bakin ruwa ya same ta.

Ba ka faɗi ƙasa warwas ba dai. Tauraron ɗan Adam yana da nasa aikin: shi ke kawo tashoshin tasa, shi ke gaya wa wayarka inda take a taswira, shi ke kai sabis wasu ƙauyukan da waya ba ta isa ba. Starlink, wadda Najeriya ce ƙasar Afirka ta farko da ta fara aiki a cikinta a Janairun 2023, ta rage matsalar jinkiri saboda taurarinta a wajen kilomita 550 kawai suke. Sai dai su ma abin da suka ɗauka tashar ƙasa suke sauke wa, tashar kuma zaren gilashi ne ke ɗauke da ita.

Tunda kuma sana'arka a kan sabis ta dogara, ka sani yawancin ɗaukewar da kake gani ba daga teku take ba, daga bakin titi take. Aikina ya fi yawa a tudu, kuma abin da ya fi tashinmu tsakar dare shi ne katafila mai aikin hanya ko magudanar ruwa, sai masu haƙa da ke zaton jan ƙarfe za su samu su sayar, su tarar da gilashi. Na taɓa kwana a gefen wata gada muna ɗinkin zare da fitilar mota, a wurin da muke taƙamar muna da hanya biyu daga kamfani biyu. Ashe bututun duka biyun a rami ɗaya aka binne su, taku ɗaya tsakaninsu, haƙori ɗaya na katafila ya kwashe su tare. Don haka layi biyu na kamfani daban-daban a shago dabara ce mai kyau, kuma mafi yawan lokuta za ta fisshe ka, amma ranar da ka ga duka biyun sun ɗauke a minti ɗaya, ka tambayi direbobin da suka shigo gari ko ana aikin titi a hanya.